Wanda ya rubuta mana ƙari, ya haɗa mana da bayaninsa

A nan Garwa, ba kasafai manhaja take zuwa mana kai tsaye daga shafin wanda ya rubuta ta ba. A filash take zuwa, ko ta WhatsApp. Wani ya je Yawunde ya dawo da ita, wani ya karɓa wurin abokinsa na Kuseri, shi kuma wani ɗan Njamena ne ya tura masa. Kafin ta iso gare ni ta bi hannu da hannu, har sunan fayil ɗin ma an sauya shi, an mai da shi "sabo" ko "mai kyau". Duk abin da marubucinta ya faɗa a shafinsa na intanet, ko a zauren da suke tattaunawa da Turanci, ya tsaya can bai biyo ta ba. Abin da ke cikin ƙunshin kaɗai ne yake isowa. Wannan shi ne abu na farko da nake so duk mai rubuta ƙari ga manhajar karanta allo ya sa a ransa, ko a Ostareliya yake zaune ko a Marwa.

Ni makaho ne. Da rana ina gyaran sauti, wa'azi da tallan 'yan kasuwa, da yamma kuma matasa makafi suna taruwa a zauren gidanmu muna koyon kwamfuta. Dukkanmu da NVDA muke aiki. Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce da take karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya, ta faɗa masa inda yake da abin da ya danna. Michael Curran ne ya fara ta a 2006 a Ostareliya, James Teh ya shigo suka ci gaba tare, su biyun makafi ne, a 2007 suka kafa ƙungiyar NV Access da take kula da ita har yau. Kyauta ce, ba a biyan ko dala. Kafin ta, JAWS muka sani, ta kamfanin Freedom Scientific na Amurka, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu, sai dai a yi amfani da ta gwaji mai yankewa bayan minti 40, a kashe kwamfuta a sake kunnawa.

Tun 2012 NVDA ta buɗe ƙofa ga abin da muke kira ƙari, masu Faransanci a cikinmu su ce ekistansiyon. Ɗan ƙaramin shiri ne da wani yake rubutawa da harshen kwamfuta mai suna Python ya manna wa NVDA, don ta iya abin da da ba ta iya ba. Wani ƙarin yana sa ta gane maɓallan wata manhaja da masu ita ba su sa musu suna ba, wani yana ƙara murya, wani yana fassara rubutu, wani yana faɗin yanayin zafi. Kusan dukkansu 'yan sa kai ne suka rubuta, da yawansu makafi irinmu, bayan sun tashi daga aikinsu na neman abinci. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba wanda yake biyansu. Ina girmama su ƙwarai, don akwai manhajojin da ba don su ba da ban taɓa iya cin abinci da su ba.

Saboda wannan girmamawar ne maganar rubuta wa ƙari bayanin yadda ake amfani da shi take da nauyin faɗa. Na sha jin musu a kanta tsakanin makafi masu amfani da kwamfuta. Wasu suna cewa yaba kyauta tukuici, mutum ya hana idonsa barci ya yi maka abu fi sabilillahi, sannan ka zo kana neman ya rubuta maka littafi a kai? Wasu kuma suna cewa abin da ba a bayyana ba kamar ba a yi shi ba ne, a hana shi fita har sai an rubuta cikakken jagora. Ni ina ganin na farkon sun yi gaskiya a kan mutumin, amma ba su duba halin wanda zai yi amfani da abin ba. Ɗan sa kai ba ya ɗauke da bashin kowa. Sai dai akwai 'yan layuka kaɗan da su ma ɓangare ne na aikin, idan babu su aikin bai kammala ba, kuma rashinsu yana iya mai da kyautar ta zama cutarwa.

Mai ido idan ya saka sabuwar manhaja, yana gani. Ga sabon hoto ya fito, ga jerin zaɓi a sama, ya bi da linzami ya lalubo. Ƙarin NVDA mafi yawanci ba shi da taga, ba shi da fuska. Ka saka shi, NVDA ta sake tashi, shi ke nan, komai yana nan kamar yadda yake. Yana zaune a ciki yana jiran a danna wasu maɓallai da marubucinsa kaɗai ya sani. Haɗuwar maɓallai a kan kwamfuta tana da yawan da ba mai iya bi ɗaya bayan ɗaya, kuma gwaji a makance yana da haɗari, don kana iya goge aikin wuni guda ba ka sani ba. Ga wani abu kuma da mai ido ba ya fuskanta: ƙarin yana zaune ne a cikin abin da kake ji da shi. Idan wata manhaja ta lalace, sai ka rufe ta. Idan ƙari ya lalata NVDA, murya ta ɗauke, kai da kwamfutar kun rabu, sai ka nemo yaro mai ido ya karanta maka allo, shi kuma bai san abin da zai duba ba.

Bari in ba da misalin da ya fi tsaya mini a rai. Kwamfutocin da ke zaurenmu duk na hannu ne, kuma iri biyu ne. Waɗanda suka shigo ta Duwala daga Turai suna da jerin maɓallan Faransanci, wanda layinsa yake farawa da A Z E R T Y. Waɗanda aka sayo ta Yola ko Mubi suna da na Turanci, mai farawa da Q W E R T Y. A na Faransanci, alamar adireshin imel, wato @, ana samunta ne da AltGr (maɓallin Alt na dama) da maɓallin 0. Shi kuma Windows yana ɗaukar AltGr tamkar an danna Control da Alt tare. Wata ɗalibata, yarinya mai ƙoƙari da take neman aikin sakatariya, ta zo mini wata yamma muryarta a raunane ta ce, "Malam, kwamfutata ta daina rubuta alamar imel, sai wata magana take yi da Turanci." Ta kai wa mai gyara a kasuwa, ya ce maɓallin ne ya mutu, sai an sauya allon maɓallan gaba ɗaya. Ba maɓalli ba ne. Wani ƙari ne da aka saka mata daga filash ya ƙwace Control da Alt da 0 don wani aikinsa. Wanda ya rubuta shi da allon Turanci yake aiki, a wurinsa wannan haɗin a sake yake, bai yi da niyyar cutar da kowa ba. Amma babu wata takarda a cikin ƙunshin da ta lissafa maɓallan da ya ɗauka. Sai da muka riƙa kashe ƙare-ƙaren ɗaya bayan ɗaya kafin muka gano shi. Da akwai jerin maɓallai, minti biyu ya isa, kuma da ba a kusa raba ta da kuɗin da ba ta da su ba.

Irin wannan yana da yawa. Marubuci ya ce a danna maɓallin NVDA (wato Insert ko Caps Lock, wanda ake haɗawa da wasu don ba NVDA umarni) da baka mai kusurwa, alhali a allon Faransanci ita kanta bakar sai da AltGr da 5 ake samunta, haɗin ba ya dannuwa. Wani ya ce "maɓallin da ke dama da L", a wurinsa alamar rubutu ce, a wurinmu harafin M ne. Wani ya ɗora komai a kan maɓallan lissafi na gefen dama, ya manta cewa ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da su, shi ya sa ma NVDA kanta take da tsari biyu, na kwamfutar tebur da na ta hannu. Ba na cewa marubuci ya san allon kowace ƙasa. Ba zai iya ba. Abin da nake roƙo shi ne ya rubuta maɓallan da ya zaɓa, ya faɗi irin allon da ya gwada a kai, sauran mu za mu ji da shi.

Kuma NVDA ta riga ta sauƙaƙa masa. Duk umarnin da mai ƙari ya rubuta, akwai gurbin da zai sa masa jimla ɗaya ta bayani. Idan ya sa, abu biyu ne suke faruwa. Na farko, idan mai amfani ya kunna taimakon maɓallai, wato maɓallin NVDA da 1, duk abin da ya danna za a faɗa masa aikinsa ba tare da an aikata ba. Da wannan nake fara koya wa kowane ɗalibi, don a nan ne tsoron taɓa kwamfuta yake fita. Na biyu, umarnin zai bayyana a cikin akwatin da ake sauya maɓallai, inda mutum zai cire haɗin da ya takura masa ya sa wanda ya dace da allonsa. Idan marubuci ya bar gurbin nan fayau, umarnin ba zai fito a akwatin ba sam. Ke nan ɗalibata ba ta da hanyar da za ta ƙwato maɓallinta da kanta, sai dai ta cire ƙarin ɗungurungum. Jimla ɗaya ce tsakanin ƙarin da za mu iya lanƙwasawa da wanda ya zame mana dole mu jefar. Ban san wani wuri da 'yan kalmomi suke da amfani irin wannan ba.

Masu JAWS sun daɗe da irin wannan tsari. Rubutun da ake yi mata, wato nata irin ƙarin, yana tafiya da 'yan'uwansa: fayil ɗin da mutum ya rubuta, wanda aka sarrafa don na'ura, na jerin maɓallai, da kuma wani na musamman mai ƙarewa da jsd, wanda aikinsa bayani kawai. A cikinsa kowane umarni yana da taƙaitaccen bayani da kuma dogo. Ka danna Insert da 1, ka taɓa maɓalli ka ji gajeren, ka taɓa sau biyu da sauri ka ji dogon. Duk da haka na ga rubutun JAWS da aka bar wannan fayil ɗin babu komai a ciki. Gurbi yana nan, cike shi ne ya rage ga mutum.

Abu na biyu da ba na yafewa shi ne maganar zubi, wato da wace NVDA ƙarin yake aiki. NVDA tana sa wa kowane zubi lambar shekara, kamar 2023.3 ko 2024.1. A zubin 2019.3 ta tashi daga Python 2 ta koma Python 3, ƙare-ƙare da yawa suka daina aiki a lokacin, wasu aka gyara, wasu har yau ba su farfaɗo ba. Tun daga nan, zubin farko na kowace shekara yana iya zuwa da sauyin da zai karya tsofaffin ƙare-ƙare. Shi ya sa a cikin kowane ƙunshi akwai ɗan fayil mai suna manifest.ini, inda marubuci yake rubuta mafi tsufan zubin da ƙarinsa yake karɓa, da na ƙarshe da ya gwada a kai. NVDA tana duba waɗannan layuka biyu, ta ƙi kunna abin da bai dace ba.

A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Zubin 2024.1 ya daina aiki a kan Windows 7, kuma akwai kwamfutoci a zaurenmu da ba za su iya ɗaukar abin da ya wuce Windows 7 ba. Masu su sun tsaya a zubin 2023, ba don sun so ba. Wasu kuma suna da sabuwa. To ɗalibi ya sayi data da kuɗin da ya tara, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa, musamman a watannin zafi da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta yake ja baya, ya sauke ƙari, sannan NVDA ta ce masa bai dace ba. Layi ɗaya a farkon bayanin, cewa wannan yana son zubi kaza zuwa sama, ga kuma tsohon ga masu tsohuwar kwamfuta, ya isa ya hana wannan asara. Akwai kuma wata ɗabi'a da na fi jin tsoro. Ƙunshin ƙari ba komai ba ne illa fayil ɗin zip da aka sauya wa suna, kowa yana iya buɗewa. Sai wani mai ɗan wayo ya buɗe, ya ƙara lambar shekara a manifest.ini, ya rufe ya tura wa jama'a cewa ya "gyara". Bai gyara komai ba, mai gadin kawai ya kora. Wani lokaci a dace, wani lokaci murya ta ɗauke a tsakiyar aiki. Duk wanda ya yi haka, ko da niyyar taimako ne, wajibi ne ya rubuta a ciki cewa shi ya taɓa, ga abin da ya taɓa, kuma marubucin asali bai gwada ba. Tun zubin 2023.2 ma, da aka kawo rumbun ƙare-ƙare a cikin NVDA kanta, mutum yana iya tilasta kunna tsohon ƙari da hannunsa bayan an gargaɗe shi, don haka babu sauran dalilin yin wannan a ɓoye.

Sai amana. NVDA da kanta tana gargaɗi cewa ƙari ba a killace yake ba, duk abin da ita take iya taɓawa a kwamfutarka shi ma yana iya taɓawa. Manhajar karanta allo kuwa tana jin kowane harafi da ka danna, tana ganin kowane saƙo. Ku tuna da NVDA Remote, ƙarin da ya ba makaho damar sarrafa kwamfutar wani makahon daga wani gari, wanda amfaninsa ya sa aka shigar da shi cikin NVDA kanta a zubin 2025.1. Da shi nake gyara wa wani ɗalibina na Ngawundare kwamfutarsa ina zaune a Garwa. Alheri ne babba, kuma yana nuna iyakar inda hannun ƙari yake iya kaiwa. Ƙarin fassara, ko mai bayyana hoto, sau da yawa sai ya aika abin da ke kan allonka zuwa wata na'ura a wata ƙasa kafin ya dawo maka da amsa. Idan takardar asibiti ce fa, ko wasiƙar gado, ko lissafin shagon wanda ya ba ka aiki? Ina son a faɗa mini da kalmomi masu sauƙi: wannan yana amfani da intanet, ga abin da yake aikawa, ga inda yake aikawa. Ko kuma, wannan ba ya fita waje ko kaɗan. Magani ma idan ka saya ba takardarsa, ko ingantacce ne, ba ka san ƙa'idar shansa ba balle abin da ba ya haɗuwa da shi. Bayan sirri kuma akwai kuɗi, don ƙarin da yake leƙa intanet a kai a kai, datar mutum yake ci.

Na ƙarshe a cikin abin da nake ganin dole ne: ƙofar fita. Idan abu ya rikice, me zan yi? Wanda ya daɗe a harkar ya san cewa maɓallin NVDA da Q yana kawo zaɓin sake tashi ba tare da ƙare-ƙare ba, ya kuma san cewa idan murya ta ɗauke gaba ɗaya, a Windows 10 da 11 ana iya tayar da Narrator, manhajar karanta allo ta Windows kanta, da Control da maɓallin Windows da Enter a lallaɓa da shi. Sabon shiga bai sani ba. Idan ƙarin yana sauya wani saiti da ba ya komawa yadda yake ko bayan an cire shi, a faɗa.

Waɗannan su ne iyakar abin da nake nema, kuma duka ba su cika shafi ɗaya ba. Ba na neman Turanci mai ƙawa. Na karanta bayanin da ɗan Turkiyya ko ɗan Rasha ya rubuta da gurguwar Turanci, ya amfane ni fiye da dogon rubutun da ba ya faɗin wane maɓalli za a danna. Ba na neman bidiyo. Ba na ganin wajibi ne marubuci ya amsa kowane saƙo, ko ya ci gaba da kula da abin har ƙarshen ransa. Mutane suna aure, suna samun aiki, suna rashin lafiya, suna gajiya. Idan ya gaji, ya ƙara layi ɗaya a sama cewa ya daina kula da wannan, wanda yake so ya ɗauka. NVDA da yawancin ƙare-ƙarenta suna ƙarƙashin lasisin GPL ne, wanda ya halatta wa kowa ya gyara ya raba, don haka wannan layin yana buɗe wa wani hanya, mu kuma mu daina jiran abin da ba zai zo ba.

Siffar bayanin ita ma tana da muhimmanci. A sa shi cikin ƙunshin, a babban fayil ɗin da aka tanada, yawanci da sunan readme.html, yadda zaɓin taimako na NVDA zai buɗe shi ko babu intanet. A raba shi da kanun magana na gaske, don mu da harafin H muke tsallakawa daga kai zuwa kai, shi ne namu kallon shafi. Hoton allo mai jan kibiya ba ya gaya mana komai. Tarihin gyare-gyaren shekaru a mai da shi ƙasa, kada in saurari abin da aka gyara a 2017 kafin in ji yadda ake kunna abin.

Akwai wani yaro, ɗan ƙanwata, mai ido ne, yana karatun kwamfuta a Marwa. Da ya zo hutu ya ga yadda nake fama da manhajar lissafin wani shagon kayan masarufi da nake taya su shigar da kaya, wadda NVDA take karanta wa gurabenta ba suna, sai ya zauna ya rubuta mini ƙari. Ya yi kyau ƙwarai. Da na ce zan ba sauran makafi, ya rubuta bayani, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai abin a fili yake, duk wanda ya buɗe rubutun zai gane." Na ce masa, "Ɗana, wa zai buɗe? Mutanen da zan ba wa, wasu bara suka fara taɓa kwamfuta." Ya ce shi rubutun bayani yana gundurarsa, kuma bai san me zai ce ba, don komai a wurinsa sananne ne. A nan na fahimci wani abu game da masu wannan aiki. Ba rowa ce take hana su ba. Wanda ya gina abu da hannunsa ya yi kusa da shi da yawa, ba ya iya tuna yadda rashin saninsa yake.

Sai muka raba aikin. Na zauna gaban kwamfutar ina tambaya yana amsawa. Me wannan yake yi? Idan na danna a wajen manhajar shagon fa? Yana taɓa intanet? A wace NVDA ka gwada? Ni na rubuta amsoshin da Faransanci, shi ya zuba jimlolin a gurabensu cikin rubutun, ya sa shafin a ƙunshi. Tsakanin la'asar da magariba muka gama. Cikin tambayoyin nan ne ma ya gano cewa ɗaya daga haɗin maɓallansa ya hau kan wani umarnin NVDA na asali, ya sauya shi nan take.

Tun daga ranar nake ganin rabin nauyin a kanmu yake, mu masu amfani. Yawancinmu ba mu iya Python ba, amma mun san inda sabon shiga yake tuntuɓe, don mu ma ta nan muka bi. Wanda ya yi wata shida yana aiki da wani ƙari ya fi marubucinsa sanin tambayoyin da za a yi. Maimakon a aika wa ɗan sa kai saƙon faɗa cewa abinsa ba shi da bayani, a aika masa da shafi guda a ce, ga abin da na fahimta, duba ko daidai ne, in ka yarda ka sa a ciki. Waɗanda na yi wa haka, akasarinsu da murna suka karɓa.

Harshe ma namu ne mu ɗauka. Ƙunshin ƙari yana da wurin ajiye bayani na kowane harshe daban, NVDA tana buɗe na harshen da mutum ya saita, in babu ta koma Turanci. NVDA kanta an fassara ta zuwa harsuna sama da 50, duk aikin 'yan sa kai. Makafin Faransa da sauran masu Faransanci sun fassara bayanan ƙare-ƙare masu yawa, muna cin moriyarsu a nan arewacin Kamaru da Chadi, inda boko da Faransanci ake yi. Amma a zaurenmu akwai waɗanda makarantar allo kawai suka yi, Hausa da Fulatanci suke ji, Faransancinsu na kasuwa ne. Ba zan ɗora wa wani bawan Allah a Indiya ko Ispaniya nauyin rubuta musu Hausa ba. Abin da muke yi yanzu shi ne, duk ƙarin da muka amince da shi, ɗayanmu yana ɗaukar murya ta 'yan mintuna da Hausa, wani ya yi da Fulatanci: ga sunansa, ga aikinsa, ga maɓallansa a allon Faransanci da na Turanci, ga zubin da yake so, ga yadda ake cire shi. Muna ajiye muryar da ƙarin a jaka ɗaya cikin filash, kuma mun yi alkawari a tsakaninmu ba mai tura ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ƙarin da muka rasa wanda zai iya bayyana shi, ba ma saka wa ɗalibai, komai yabon da ake yi masa.

Wurin da har yanzu muke da giɓi shi ne allon maɓallan Larabci. 'Yan'uwanmu na Njamena da Kuseri da yawa suna juyawa tsakanin Larabci da Faransanci a kwamfuta ɗaya, mu kuwa a zaurenmu babu mai irin wannan allon da za mu gwada a kai. Duk wanda yake aiki da shi, ina roƙonsa ya kunna taimakon maɓallai, ya bi haɗe-haɗen ƙare-ƙaren da yake amfani da su ɗaya bayan ɗaya a harsunan biyu, ya rubuta waɗanda suka ƙi dannuwa da waɗanda suka hau kan wani harafi, ya aiko mana mu ƙara a muryoyin da muke ɗauka, mu kuma tura wa marubutan su sa a shafukansu.